Yadda Za Ku Yi Azumin Kwana Arba'in da Tsofaffin Finafinai, Littafi Mai Tsarki a Hannu

Azumin kwana arba'in yana farawa ranar Larabar Toka, ya kai mu jajibirin Ista. In kuka ƙirga a kalanda za ku sami kwana 46, domin ba a lissafa ranakun Lahadi shida da ke ciki. Ranar Ista kan matsa kowace shekara: ita ce Lahadi ta farko bayan cikar wata na farko daga 21 ga Maris, saboda haka ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu. A 2026 Larabar Toka 18 ga Fabrairu ce, Ista 5 ga Afrilu. A 2027 kuwa 10 ga Fabrairu da 28 ga Maris. Katolika da Anglikan da Lutheran da Methodist suna kiyaye lokacin gaba ɗaya. Ikilisiyoyi da yawa irin su ECWA da Baptist sun fi ba Mako Mai Tsarki da Ista nauyi. Tsarin da ke ƙasa zai yi wa kowa aiki. Wanda ba ya bin makonni shida zai iya ɗaukar sashen ƙarshe kawai.

Abu ɗaya ne ya kamata ku riƙe tun daga farko. Fim ba ibada ba ne, kuma ba ya zama ibada don kawai an ambaci Musa ko Yesu a ciki. Yana amfani ne idan ya mayar da mutum ga Littafi Mai Tsarki da addu'a da gyaran hali. Wannan ba ya faruwa da kansa. Sai an tsara shi: a yi karatu kafin a kunna, a yi shiru bayan an kashe, sannan kowa ya tashi da abu ɗaya da zai aikata kafin mako ya zagayo.

Shiri kafin Larabar Toka

Ku fara da abin da za a rage. Idan gida yana kallon finafinan Indiya da wasan ƙwallo da bidiyon waya kowane dare, sannan aka ɗora fim ɗin Musa a kai ranar Asabar, ba a yi komai ba, an ƙara kallo ne kawai. Ku yarda a tsakaninku cewa cikin waɗannan makonni kallo zai koma zama ɗaya ko biyu a mako, sauran dare kuma talabijin a kashe. Idon da ya huta kwana biyar yana ganin abin da idon da ya ƙoshi ba ya gani, kuma yara ma sukan zauna tsit don sun yi ɗokin ranar.

Sai yawan mutane. Takwas zuwa goma sha biyar ya fi dacewa, wato iyali biyu ko uku, ko rukunin matasa, ko wani ɓangare na zumuntar mata. Da zarar an haura ashirin, mutum uku ne za su riƙa magana, saura su zama 'yan kallo har a lokacin tattaunawa. Idan ikilisiya ce gaba ɗaya za ta kalla, a raba jama'a rukuni-rukuni bayan fim, kowane rukuni da mai jagora. Ku sanar da fasto ko katikis tun da wuri, ku ba shi jerin finafinan, kada kuma ranarku ta ci karo da taron addu'ar tsakiyar mako ko Hanyar Gicciye da Katolika ke bi ranar Jumma'a. Yammacin Asabar ko na Lahadi ya fi sauƙi.

Mutum biyu ake buƙata a kowane zama: mai jagora da mai kula da na'ura. Kada mutum ɗaya ya haɗa biyun, domin wanda ke fama da waya da rimot ba zai lura da wanda hawaye ya zubo masa a kusurwa ba. Dole mai jagora ya kalli fim ɗin shi kaɗai tukuna, daga farko har ƙarshe, da takarda a hannu. Ya rubuta minti nawa ne wurin da za a dakata, ina ne ya kamata a tsallake saboda yara, da kuma wuraren da fim ya faɗi abin da babu a Littafi. Wannan aikin shi ne rabin nasarar shirin, kuma shi aka fi tsallakewa.

Kayan aiki da abin da kan lalace

Ga mutum goma, talabijin mai inci 32 ta isa. Fiye da haka sai majigi da farin bango ko farin zanen gado da aka ɗaure da kyau ta kusurwa huɗu don kada iska ta kaɗa shi. Yawancin ƙananan majigai, in an ajiye su kimanin mita uku daga bango, sukan ba da hoto mai faɗin mita biyu ko ɗan fiye. A watan Maris rana kan faɗi wajen shida da rabi da 'yan mintuna a Jos da Kaduna, don haka majigi a tsakar gida ba ya fita sosai sai bakwai ta yi. Inda zaman dare ba shi da kwanciyar hankali, ku yi da ƙarfe huɗu a ɗaki, a rufe tagogi da barguna, kowa ya isa gida da sauran haske.

Kada ku dogara da wutar NEPA. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kimanin wat 1,200 na sa'a ɗaya a lissafi, amma rabinsa kawai ya kamata a ja in ana so ya daɗe. Talabijin mai inci 32 da ƙaramar sifika ba su cika wuce wat 80 ba, ke nan za ku sami sa'a biyar zuwa shida ta inbata. Tsohuwar majigi mai ƙwan fitila kan ja wat 250 zuwa 300, ba za ta kai ku ƙarshen dogon fim a kan wannan batir ba. In janareta ne, ku gwada shi na sa'a ɗaya da kayan duka a jone, ku ga man da ya sha, ku ninka da tsawon zaman, ku ƙara lita ɗaya. A ajiye shi a fili, nesa da taga da ƙofa. Hayaƙinsa yana kashe mutane a rufaffen wuri ba tare da sun ji wari ba, ƙararsa kuma tana cinye shirun da kuke nema. Doguwar waya ta mita ashirin tana magance duka biyun.

Ku sauke fim ɗin tun kafin ranar, daga halattacciyar hanya, ko ku sayi faifai na asali. Fim na sa'a biyu mai matsakaicin kyau kan ci gigabait ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Faifan bakin titi da ke cusa finafinai goma a guda ɗaya sau da yawa an yanke ƙarshensa ko an datse gefen hoton. Matsalar da ta fi yawa ita ce hoto ya fito, sauti babu. Dalilinta shi ne majigi ko talabijin da aka soka wa filas kai tsaye ba ta iya karanta irin sautin Dolby da ke cikin fayil ɗin. Maganinta a kunna ta kwamfuta da manhajar VLC, a haɗa da wayar HDMI. Idan baki yana motsi kafin magana ta fito, galibi sifikar Bluetooth ce ke jinkiri. A haɗa ta da waya, ko a daidaita da maɓallan J da K a VLC. Maɓallan G da H kuma su ke gyara rubutun fassara in ya riga magana ko ya makara. Lokacin nan na zafi ne da ragowar ƙurar hunturu, saboda haka kada a ɗora majigi a kan katifa ko matashi. Hancinta zai toshe, ta yi zafi, ta kashe kanta a tsakiyar fim.

Sai batun harshe. Yawancin waɗannan finafinai da Turanci suke, wasu da Italiyanci ko harshen Denmark. Tafinta mai magana a kan fim daga farko har ƙarshe yana gajiyar da kowa, ya kuma danne kiɗa da shirun da darakta ya sa da gangan. Abin da ya fi shi ne a ba da labarin a taƙaice kafin a fara, sannan a dakata kowane minti goma sha biyar ko ashirin, tafinta ya faɗi abin da ya wuce cikin jimla uku ko huɗu, a ci gaba.

Yadda zama ɗaya zai tafi

Ku ɗauki sa'a biyu da rabi a matsayin iyaka. A buɗe da waƙa ɗaya da gajeriyar addu'a, minti biyar. Sai karatun ranar da babbar murya, da Hausa, daga bakin mutum biyu, namiji da mace ko babba da yaro, minti goma. Mai jagora ya ba da tambaya ɗaya tak da za a riƙe a zuciya lokacin kallo, misali: wa ya fara nuna jinƙai a wannan labari, kuma me ya rasa saboda haka? A tara wayoyi a tire ɗaya. A kalli abin da bai wuce minti 90 zuwa 100 ba. Duk fim da ya fi haka a raba shi biyu ko fiye.

Idan aka kashe, kada a kunna fitila nan da nan, kada kowa ya ce uffan na minti biyar cif, mai jagora yana duba agogo. Karon farko zai yi nauyi, wani zai yi tari, yara za su yi dariya ƙasa-ƙasa. Ku daure. A cikin wannan shirun ne abin da aka gani ke sauka daga ido zuwa zuciya, kuma in aka bar mai saurin baki ya fara sharhi, ra'ayinsa ne zai zama na kowa.

Tattaunawa minti ashirin da biyar ce, da tambayoyi uku a jere. Me ka gani, ba me ka ji an ce ba? Wanne ne daga Littafi, wanne ne ƙarin masu fim? Ina wannan ya taɓa rayuwarka a makon nan? A fara da yara da masu kunya, dattawa su rufe, domin in Baba ya riga ya yi magana babu yaron da zai ƙara wani abu. Daga nan kowa ya rubuta a ƙaramin littafinsa abu ɗaya da zai yi: ziyarar mara lafiya, biyan bashin da ya daɗe, kiran ɗan'uwan da aka yi shekara ba a gaisa ba, ajiye kuɗin abincin da aka yi azuminsa don wata gwauruwa. Mako mai zuwa da wannan za a fara. Ba a tilasta wa kowa ya karanta nasa a fili.

Game da abinci: in ranar azumi ce, a sha ruwa a ci abu mara nauyi kafin a fara, kamar kunu da ƙosai. Tuwo kafin dogon fim barci ne. Gyaɗa da guguru a lokacin kallo suna mayar da zaman gidan sinima, a bar su.

Makonni biyar na farko

Makon farko na jeji ne. A karanta Matiyu 4:1-11 da Fitowa sura 3, a kalli The Ten Commandments na 1956, wanda Cecil B. DeMille ya shirya, Charlton Heston ya fito a Musa. Tsawonsa minti 220, yana da hutu a tsakiya bayan Musa ya sauko daga wurin kurmi mai cin wuta, nan za ku raba. Babu fim da ya kai shi amfani wajen koya wa jama'a tambaya ta biyu, domin ƙarin da ke cikinsa yana da yawa ƙwarai. Soyayyar Musa da gimbiyar Masar babu ita a Littafi. Fitowa ba ta faɗi sunan Fir'auna ba, fim ya kira shi Ramses. Musan fim mai zalaƙar magana ne, alhali a Fitowa 4:10 shi da kansa ya ce bakinsa da harshensa masu nauyi ne, har Allah ya haɗa shi da Haruna. Fim ya ɗora laifin ɗan maraƙin zinariya a kan Datan, amma Fitowa 32 ta nuna Haruna ne ya karɓi zinariyar ya ƙera, tawayen Datan kuwa wani labari ne dabam a Littafin Ƙidaya sura 16. Ku raba wa matasa waɗannan surori su nemo bambancin da kansu. Akwai darasi a ciki: masu fim sun ga ya fi daɗi a ce mugu ne ya sa aka yi gunkin, Littafi kuwa bai ɓoye cewa ɗan'uwan Musa ne, mutumin da zai zama babban firist.

Mako na biyu na tuba ne, da Zabura 51 da Luka 15. The Mission na 1986 labarin Amurka ta Kudu ne a shekarun 1750. Wani mai farautar bayi ya kashe ƙanensa saboda mace, ya ɗaure wa kansa ƙunshin sulke da takubba yana ja a kan duwatsun da ke gefen babban magangarar ruwa, har ya isa wurin mutanen Guarani da ya saba kamawa. Ɗaya daga cikinsu ya zo da wuƙa, kowa na zaton yanka shi zai yi, sai ya yanke igiyar ya tura kayan cikin kogi. Ku tsaya a nan, kusan kashi ɗaya cikin uku na fim ɗin, ya isa zama guda. Tambayar ita ce wa ke da ikon sauke wa mai laifi kayansa, kuma me ya sa mutumin ya kasa sauke wa kansa. Ragowar fim ɗin akwai kisan jama'a, akwai kuma mutanen daji da ba su rufe jiki ba, don haka na manya ne.

Mako na uku Ben-Hur na 1959, na William Wyler, minti 212, wanda ya ci kyautar Oscar goma sha ɗaya. A karanta Romawa 12:17-21. Abu biyu na na'ura tukuna: yana farawa da kiɗa na kusan minti shida a kan hoto ɗaya da ba ya motsi, ba lalacewa ya yi ba; kuma hotonsa mai faɗi ne sosai, za ku ga baƙi sama da ƙasa, kada ku danna maɓallin cika allo, za ku yanke mutanen da ke gefe. Labarin ƙagagge ne daga littafin Lew Wallace na 1880, babu wani Yahuza Ben-Hur a Linjila, a faɗa wa jama'a wannan a fili. Abokinsa na ƙuruciya, hafsan Roma, ya tura shi bautar tuƙin jirgin ruwa, ya jefa uwarsa da ƙanwarsa kurkuku, a kan laifin da ya san bai yi ba. Kowa zai so tseren keken dawakai, matasa za su yi ihu. Ku bar su, amma ku dakata daidai bayansa. Ben-Hur ya ci tsere, hafsan nan da ya zama maƙiyinsa ya mutu a gabansa, ya kuma fita filin ba tare da ya sami sauƙi ko kaɗan ba. A garuruwan da aka ƙone gidaje aka binne 'yan'uwa, wannan ba labarin nesa ba ne, kuma mai jagora ya shirya jin maganganu masu zafi. Kada ya yi gaggawar rufe bakin wanda ya ce shi bai yafe ba. A saurare shi, a yi addu'a tare da shi, a bar ragowar fim ɗin ya yi nasa aikin. Ku lura kuma cewa ba a nuna fuskar Yesu ko sau ɗaya. Ana ganin bayansa da hannunsa lokacin da ya ba fursunan ruwa a Nazarat, sai fuskar sojan da ya zo hana shi ya kasa. Ga waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da a kwaikwayi Ubangiji a fim ba, wannan ne ya fi dacewa da su.

Mako na huɗu, A Man for All Seasons na 1966, sa'a biyu, a kan Thomas More na Ingila da aka fille wa kai a 1535 don ya ƙi rantsuwar da Sarki Henry na Takwas ya nema. Karatu Ayyukan Manzanni 5:27-32. Magana ce zalla da Turanci mai wuya, ya fi dacewa da ma'aikatan gwamnati da malamai da ɗalibai. Ku sa ido kan saurayin da ya yi shaidar zur a kotu don a ba shi muƙami. More ɗan Katolika ne, kuma lokacin da yake da iko ya tsananta wa masu bin gyaran ikilisiya, abin da fim bai nuna ba. A faɗi wannan, sannan a hana zaman ya koma gardamar ɗariku.

Mako na biyar a sassauta. Lilies of the Field na 1963, minti 94, baƙi da fari, yara ma za su iya kallo. Sidney Poitier ya fito a matafiyi ɗan Baptist da ya gina wa wasu sistoci 'yan gudun hijira ɗakin sujada a hamadar Arizona, da shi ya zama baƙar fata na farko da ya ci Oscar na babban jarumi. A haɗa shi da Matiyu 6:25-34.

Mako Mai Tsarki

A wannan mako sujadar ikilisiya ce gaba, fim yana baya. Duk daren da akwai taro a majami'a, babu kallo.

Daga Lahadin Dabino zuwa Laraba ku zaɓi fim ɗaya na rayuwar Yesu ku bi shi kaɗan-kaɗan. Wanda ya fi sauƙin samu shi ne Jesus na 1979, kimanin sa'a biyu, wanda aka gina a kan Linjilar Luka, aka kuma juya shi zuwa Hausa, ke nan ba a buƙatar tafinta, tsofaffi ma za su bi. Raba shi uku, ku karanta surorin Luka da suka dace kafin kowane kashi, ku ajiye gicciye da tashi zuwa ranakunsu. Jesus of Nazareth na Franco Zeffirelli, 1977, ya haura sa'a shida, an ɗauke shi a Tunisiya da Maroko. Kyansa ya fi, amma ya ƙirƙiro wani magatakarda mai suna Zerah da ya yaudari Yahuza Iskariyoti, wanda babu shi a Linjila ko ɗaya, kuma hakan yana sauya yadda mai kallo ke fahimtar cin amanar. Ga rukunin da ya saba karatu, akwai fim ɗin Linjilar Matiyu na Pier Paolo Pasolini, 1964, baƙi da fari, da Italiyanci. Ya ɗauko talakawan kudancin Italiya da ba 'yan wasa ba, wani ɗalibi ɗan Sifen ya fito a Yesu, kalmomin kuma daga Matiyu aka ɗebo su kai tsaye, don haka mai riƙe da Littafinsa na Hausa zai iya bi aya-aya ko bai ji harshen ba. Har da waƙar sujada ta mawaƙan Kongo a ciki. Shi daraktan ba mai bi ba ne, gara ku faɗa da kanku kafin wani ya gano ya ɗauka an ɓoye masa.

Ranar Alhamis, daren Jibin Ubangiji da wankin ƙafa, Yohanna 13 ta isa. Wanda yake son fim da rana zai iya duba Babette's Feast na 1987, daga Denmark, inda wata baƙuwa mai aikin gida ta kashe dukan kuɗin da ta samu, faran dubu goma na kuɗin Faransa, a kan abinci ɗaya na mutum goma sha biyu da suka daɗe da ƙullatar juna. Ana shan ruwan inabi sosai a teburin, a sanar da waɗanda hakan zai dame su.

Jumma'a Mai Kyau hutu ce a Najeriya, akwai lokaci. Bayan sujada, a karanta Ishaya 53 da Yohanna 18 da 19, a kalli sashen shari'a da gicciye kaɗai, minti talatin zuwa arba'in, a tsayar da shi a bakin kabari. Ranar nan babu tattaunawa. Shiru, Zabura 22, a watse. Mutane da yawa za su nemi The Passion of the Christ na 2004. Dukan da ke cikinsa ya yi tsanani, an kuma ja shi da tsawo, alhali Linjila ta ambaci bulalar a jimla ɗaya. Kada a nuna wa yara, kada kuma a nuna wa wanda ya taɓa ganin kisa da idonsa ba tare da an gaya masa abin da zai gani ba. Asabar a bar na'ura a rufe gaba ɗaya. Almajiran ma jira suka yi ranar.

Abubuwan da mai jagora zai kiyaye

Fuskar ɗan wasa tana mannewa a zuciya, musamman ta yara. Robert Powell, Yesun fim ɗin Zeffirelli, Baturen Ingila ne mai shuɗin ido, kuma akwai gidajen da hotonsa ke rataye a bango ana ɗauka hoton Ubangiji ne. Yesu Bayahude ne daga Galili, Linjila huɗu ba su kwatanta kamanninsa ba. Ku faɗi sunan ɗan wasan da ƙasarsa kafin a kunna, in da hali kuma ku nuna ɗan guntu daga fim na biyu don yara su ga fuska ta sauya.

Wasu finafinan suna barin mai kallo da jin cewa Yahudawa ne miyagu. A tuna wa jama'a cewa Maryamu da Bitrus da Yohanna duk Yahudawa ne, Bilatus gwamnan Roma ne ya yanke hukunci, sojojinsa suka buga ƙusa, kuma Ishaya ya ce saboda laifofinmu aka soke shi.

Sai maƙwabta. Musulmi ba su yarda a kwaikwayi annabawa a hoto ba, Musa da Isa kuwa annabawa ne a wurinsu. Inda ake zaune a cakuɗe, ku yi kallonku cikin gida ko harabar coci, kada allo ya fuskanci titi, sifika kuma ta tsaya iya kunnen waɗanda ke zaune. A 2025 da 2026 azumin nan ya zo tare da Ramadan, lokacin da maƙwabta ke buɗe baki da sallar dare daidai sa'ar da kuke kunna majigi. Wanda ya nemi shiga don kansa a yi masa maraba, a gaya masa abin da zai gani.

Ranar Ista da yamma, ko Litinin da ke biye wadda ita ma hutu ce, a karanta Luka 24 duka, a kalli mintunan ƙarshe da aka ajiye, wannan karon da fitila a kunne da abinci a gaba. Kowa ya zo da ƙaramin littafinsa ya duba alkawuran da ya rubuta tun makon farko, ya ja layi a ƙarƙashin wanda bai cika ba, ya sa masa rana kafin Fentikos, kwana hamsin daga Ista. Kuɗin abincin da aka tara a ƙirga shi a gaban mutum biyu, a rubuta, a kai wa waɗanda aka ambata tun farko cikin makon.